Shekarar da Muka Zuba Kifi a Ramin Tubali

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da tafkin kifi a lambunmu, garkarmu ta Kiyeshe, kun ɗauka tun asali haka yake. Na sha jin kuna ba abokanku labarinsa, kowa da irin nasa. Wani ya ce masu aikin agaji suka haƙa mana, wani ya ce gadon kakanni ne. Babu ko ɗaya a ciki. Ramin tubali ne, mu muka mai da shi tafki da hannuwanmu, kuma haƙar ba ta ba mu wuya ba kamar zaɓen kifin da za a zuba a ciki. Tunda yanzu zama ya same ni, bari in shimfiɗa muku yadda aka yi, tun ina iya tuna muryar kowa.

Shekarar da na ajiye tuƙi ce. Na daɗe ina jan babbar mota tsakanin Dogon Dutsi, Doso da Gaya, har idona na hagu ya fara yana, likita ya ce hanya ta ishe ni haka nan. Na dawo gida na zauna, zaman kuwa ya ƙi ni. Mutumin da ya saba gari ya waye masa a wani gari, a ce ya wuni gindin bedi yana kallon awaki! Uwarku Biba ce ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida ina tsoma baki a abin da bai shafe ni ba, ta ce in riƙa bin ta garka ko na rage mata jan ruwa. Garkar ta mahaifinmu Gado ce, ni Arzika da yayana Noma muka gaje ta, tana cikin fadama inda ruwa ba shi da nisa. A gefenta na gabas akwai wani babban rami inda aka yi ta ɗibar laka ana buga tubali, kusan duk ɗakunan gidanmu daga nan suka fito. Da damina yakan cika, ya riƙe ruwa har bayan kaka, ba ya tara komai sai kwaɗi da sauro. Yaya Noma kullum maganarsa a cike shi a huta. Wata rana da yamma mun gama ban ruwan albasa, Biba ta tsaya a bakin ramin tana wanke ƙafa. Ita kun san 'yar ƙasar Kabi ce, a bakin ruwa aka haife ta. Ta daɗe tana kallonsa, sai ta ce:

"Ruwa kamar wanga, ba kihi ko ɗaya ciki? A garinmu da an yi muku dariya har shekara ta kewayo."

Ita da wasa ta faɗi, amma ni maganar ta shige ni. Nan take na tuna da ramukan kifin da nake gani kusa da Gaya in na tsaya shan ruwa, mutane suna watsa dusa ruwan yana motsi. Duk shekarun nan ina wucewa ina kallo, ban taɓa kawo wa raina cewa Ba'are irina, mutumin Arewa, ma zai iya ba. Na zagaye ramin nan ina auna shi da ido, ina magana ni kaɗai, har Biba ta ce ko wani abu ya taɓa ni. Washegari na hau mota zuwa Dutsi wurin abokina Bulus. Bulus Kirista ne, tsohon ma'aikacin gandun daji, mun yi maƙwabtaka lokacin da nake kwana a Dutsi, kuma a aikinsa ya ga yadda ake zuba kifi a tafkunan ƙauyuka. Ban gama bayani ba ya ɗauko hularsa ya tada babur. Da muka iso ya sauka cikin ramin da takalmansa, ya damƙi laka ya murza, ya mulmula ta, ya jefa sama ya cafe ba ta watse ba.

"Direba, ƙasarga tana riƙon ruwa. In kun ƙara mata zurhi gehe guda, kunka samu famfon da za shi ba ta ruwa da rani, kihi za shi zauna."

Ban san sa'ad da na rungume shi ba, duk na shafa masa laka a riga. Bayan an gama girbi muka shiga aiki. Muka faɗaɗa ramin, muka zurfafa gefe guda, muka daddaɓe bakinsa ya yi gangare don kada ya rufta. Na sayar da bijimin da nake turke da shi muka sa famfo mai aiki da hasken rana a rijiyar garka. Bulus ya sa muka cika buhu da kashin shanu muka rataya a cikin ruwan, ya ce sai ruwan ya yi kore kifi ke samun abin tsotsa. Yaya Noma da ke cewa a cike rami, shi ya koma yana riga kowa zuwa da safe, yana leƙawa ya ga ko ya yi koren.

Da ruwa ya yi kore sai aka zo kan babbar magana. Ranar da Bulus ya zo mu yanke shawara, bayan la'asar ne, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga ni, ga Yaya Noma, ga Biba a ɗan nesa tana tankaɗe, ga kuma kakarku Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gujiya. A lokacin ta tsufa ƙwarai, amma kunnenta ba abin da ke wuce shi. Bulus ya jera mana kifi uku. Ya ce akwai tarwaɗa, mai gashin baki, marar ɓawo: ba ruwanta da zafi, ba ruwanta da dagulallen ruwa, komai aka ba ta ci take, tana saurin girma, kuma ita ta fi kasuwa. Akwai gargaza, wadda mutanen gabas ke kira karfasa: dusa da ganye da koren ruwa sun ishe ta, tana haihuwa da kanta ba sai an koma saye ba, amma tana son a riƙa sabunta mata ruwa. Sannan akwai giwar ruwa, wadda ake kira kapitan: ita sai ruwa mai zurfi da sanyi, kuma ba ta cin komai sai kifi mai rai. Bai rufe baki ba Yaya Noma ya buga cinya.

"Giwar ruwa! In za a yi abu a yi babba. Wadda manya ka ci a Yamai, a ce daga garkar Gado ta hito!"

Bulus ya yi dariya ya ce, "To mi za ka ba ta ta ci, Noma? Kwaɗi?"

Biba ta ajiye rariya. Ni na san tun da aka fara haƙa take da nata lissafin, har ta zaɓi wurin da za ta gina murhun banda a bayan ɗaki.

"Ni dai in an tambaye ni, tarwaɗa. Na iya bandarta tun ina yarinya. In na kai ta kasuwar Dutsi, kahin azahar tire ya koma wayam."

Ni ma zuciyata tana kan tarwaɗa, har na fara gyaɗa kai. Sai muka ji ɓarar gujiya ta tsaya, Inna ta ce:

"Wane kihi kunka ce?"

"Tarwaɗa, Inna," in ji ni.

"Ba a ƙasar Gado ba."

Ba mantawa na yi ba. Kun sani a gidanmu ba a cin tarwaɗa. Duk zaman da na yi a tashar Gaya, abokan aiki suna shan romonta a gabana, ban taɓa sa ta a baki ba. Biba ma tun da aka kawo ta gidan nan ba ta sake dafa ta ba, sai in ta je ganin gida take cin abinta. Amma ni a tunanina ci daban, kiwo don sayarwa daban. Na faɗa wa Inna haka. Ta dube ni irin kallon da take mini ina ƙarami, ta ce wanda ya miƙa wa mai wuƙa da wanda ya yanka duk hannunsu guda. Sannan ta sake ba mu labarin da muka sha ji, don Bulus ya ji dalili. Wai a wata shekarar fari kakan kakanmu ya ɓata a cikin fadamar nan, ƙishirwa ta kusa kashe shi, ya faɗi a wani busasshen kwari. Yana kwance sai ya ga ƙasa tana motsi kusa da fuskarsa. Ya tona da hannu, ya tarar da tarwaɗa kwance cikin danshi. Ya ci gaba da tono a wurin har ruwa ya tsattsafo, ya sha ya rayu. Ga yunwa tana cinsa, ga nama a hannunsa, amma ya mai da ita cikin laka, ya yi alkawarin shi da zuriyarsa ba mai cinta.

Yaya Noma ya ce wannan zancen mutanen da ne, yanzu kowa salla yake yi. Inna ta ce ita ma salla take yi, kuma ba ta ji inda salla ta ce a ci amanar wanda ya yi maka alheri ba. Bulus ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Ni aka bar wa magana, tunda ni na tada zancen tafki. Na dubi Biba, na dubi Inna. Na ce gargaza za mu zuba. Biba ta ɗauki rariyarta ta shige madafa, ranar tuwo ya zo ba ko "ga shi". Amma uwarku ba mai riƙo ba ce. Da safe ita ta fara tambayata yaushe za a tafi Gaya, ta ce ba za ta bari maza su zaɓo mata kifin da ba su san kansa da wutsiyarsa ba.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Sanyi ya fara ja baya, muka yi hayar wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, ni da Biba da Bulus. Na ce a bi ta Doso ko da ta fi nisa, domin ta Gesheme akwai gargada, jijjiga za ta kashe mana kaya. A Gaya muka sami mai ƙyanƙyasar kifi a bayan gari. Ya sa koma, ragar kamun kifi, ya ɗebo mana 'ya'yan gargaza, kowace kamar ɗan yatsa, suna walƙiya a rana. Biba ta durƙusa a bakin bahon, ta naɗe hannun riga, tana ware masu kuzari tana mai da masu lanƙwasasshen baya da masu kasala. Mai kifin ya tsaya yana kallonta, ya tambaye ta 'yar ina ce, da ta faɗi garinsu ya ce ai shi ke nan, ba shi da ta cewa. Muka zuba su a ganguna, ruwa rabi rabi, muka rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Biba ta ƙi zama gaba. Ta hau baya ta zauna tsakanin gangunan da ƙwarya a hannu, tana ɗibar ruwan tana tsiyayar da shi daga sama don iska ta shiga. Ni kuwa ina gaba kusa da direba, na hana bawan Allah sakat. Kowane rami na hanyar nan na san shi, tun daga nesa nake cewa kauce hagu, rage wuta, kauce dama. Daga ƙarshe ya ce, Baba, ko in sauka ka karɓa? Duk inda muka ga rijiya sai mu tsaya mu rage tsohon ruwa mu ƙara sabo kaɗan kaɗan. A wani shinge jandarma ya tsai da mu ya tambayi abin da muka ɗauko. Kafin in yi magana Biba ta amsa daga baya:

"Baƙi ne, ranka shi daɗe. Arewa za mu kai su, ba su taɓa zuwa ba."

Ya ɗaga buhu ya leƙa, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya zo ya leƙa. Suka yi ta dariya, suka ce mu yi sauri kada baƙi su galabaita.

Kafin mu iso labari ya riga mu. Mun tarar da bakin garka cike da mutane, maza da mata, har da waɗanda suka taso daga ƙauyukan kusa a kan jakuna. Ni so nake in kifar da gangunan kawai in huta, amma Bulus ya hana. Ya ce ruwan ganga da na tafki ba zafinsu ɗaya ba, sai an gauraya a hankali. Muka yi ta zuba ruwan tafki a gangunan ƙwarya ƙwarya, jama'a suna ta matsowa. Da ya ce ya isa, na yi bisimilla, muka karkata ganga ta farko. Suka fito kamar an watsa azurfa, suka ɗan tsaya a gefe, sai suka nutse cikin koren ruwan. Muka juye sauran. Ruwa ya kwanta lif, kamar ba a zuba komai ba. Jama'a suka yi ta leƙe. Sai Yaya Noma ya ce da ƙarfi:

"Shi ke nan? Kun tahi har Gaya kun dawo kun zubar?"

Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma idona yana kan ruwan. Washegari rana tana fitowa ina bakin tafkin da ƙwaryar dusa. Na watsa hannu guda. Shiru. Na sake watsawa. Sai na ga wuri guda ya motsa, sai wani wurin, kafin ka ce me duk fuskar ruwan ta ɗauki tafasa, ƙananan bakuna suna ta caccakar dusa. Na yar da ƙwarya na ruga gida ba takalmi, da tsufana, ina kiran Biba tun daga bakin hanya. Maƙwabta suka fito suna tsammanin gobara ce.

Daga nan garka ta zama gidana. Dusar gero, tunkuzar gujiya, ganyen zogale, duk na koyi yadda suke so. Ruwan da muke ragewa daga tafkin muna sakar wa tumatir da albasa, ganyensu ya yi duhu yadda ban taɓa gani ba. Na kafa sanduna na ja igiyoyi saboda zalɓe, na yi ta faɗa da wani tsari, ɗan'uwan damo, da ya gano wurin. Da bazara ta kama, wata safiya Biba ta ja hannuna zuwa gefen da ba zurfi, ta nuna mini wasu ramuka a ƙasan ruwan, zagayayyu kamar an dangwala akushi. Ta ce mazan ne suka share ɗakin aure. Ba a daɗe ba ta kamo wata ta buɗe mata baki a hankali, sai ga ƙwai cike da bakin. Ta ce haka uwar ke riƙe su, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito in sun ji tsoro bakinta suke komawa. Na yi ta salati. Duk wanda ya zo wucewa sai na tare shi na ba shi labari, har mutane suka fara canza hanya in sun hango ni.

Haihuwa kuwa suka yi ta yi. Da farko murna muke, gefen tafki ya yi baƙi da 'ya'ya. Amma da damina ta yi nisa sai Biba ta fara shiru in muna ba su abinci. Wata rana ta jefa koma ta jawo, ta zazzage a kan buhu. Kifi ga shi nan birjik, amma duk ƙanana. Waɗanda muka kawo daga Gaya ma sun tsaya, ba su wuce tafin hannun yaro ba. Na kira Bulus ya zo ya gani. Ya ce abin da yake tsoro ke nan: sun yi wa ruwan yawa, ƙarfinsu duk ya tafi ga haihuwa, abinci kuma ba ya isa kowa. In ba a sa wani kifi mai cin 'ya'yan ya rage su ba, haka za mu yi ta ciyar da taron da ba zai taɓa girma ba. Yaya Noma ya yi tsalle ya ce ai ga ranar giwarsa ta zo. Da kansa ya tafi Gaya, ya sayo ƙanana guda biyu wurin masunta, ya rungumo gangar kamar jariri. Kwanakin farko abin sha'awa, sai ka ga ruwa ya tsage, ƙananan gargaza suna tsalle sama. Noma ya wuni yana yi musu kirari. Sai aka shiga kwanakin hadari, rana ba ta fitowa sosai, famfo ya rage ƙarfi, ga ruwan sama ya kwaso laka ya dagula tafkin. Wata safiya muka tarar da su biyun sun juya ciki sama. Yaya Noma ya tsaya a kansu ya daɗe. Ya ce a soya su, amma shi ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Saura tarwaɗa. Kowa ya sani, ba mai son ya fara faɗi. Ni na rasa ta inda zan tunkari Inna, na yi ta ɗagawa yau da gobe. Biba ce ta ɗebi ƙananan kifin nan cike da ƙwarya, ta kai ƙofar ɗakin Inna ta durƙusa ta ajiye.

"Inna, duba abin da wahalar ɗanki ta haihwa. Sun yi yawa, sun hana junansu girma. Ba mai iya rage su a ruwanga sai wadda kinka hana."

Inna ta sa hannu ta juya su. Sannan ta ce a ɗaura wa shanu amalanke, tana son ta ga wurin da idonta. Rabonta da garka tun rasuwar mahaifinmu. Muka shimfiɗa mata katifa a kan amalanken, na ja shanun da kaina a hankali. Da muka isa ta ce a zaunar da ita a bakin ruwa. Na watsa dusa, ruwan ya tafasa. Na ga fuskarta ta saki, har ta ɗan yi dariya. Ta tambayi Biba ko tarwaɗa za ta ji daɗin zama a nan, Biba ta ce fiye da kowane kifi. Ta tambaya ko da rani ruwan zai ƙafe ya bar ta a tashe, na ce muddin ina da rai famfo ba zai tsaya ba. Sai ta ce:

"Kakanku cewa ya yi kada a ci ta. Bai ce kada a ba ta masauki ba. Ku kawo ta. Amma ku ji da kyau: wadda duk ta shiga ruwanga baƙuwar gidan Gado ce. Ba a yanka ta, ba a sai da ta, ba a ba da ta kyauta ga mai wuƙa."

Yaya Noma ya ce wannan wace irin sana'a ce, a kiwata kifin da ya fi kowane tsada a zuba masa ido? Inna ba ta ko dube shi ba, Biba take kallo, domin ta san wa abin zai fi ci. Ni ma ita nake kallo. Ku ba ku san yadda uwarku ta so murhun bandar nan ba, har tubalinsa ta riga ta tara. Ta sunkuyar da kai, ta share hannunta a zane, ta ce:

"Na ji, Inna. Ni za ni zaɓo su da hannuna."

A hanyar komawa tana bayan amalanke tana ta magana ƙasa ƙasa, rabi dariya rabi takaici, wai ita 'yar masunta yau ta zama mai yi wa tarwaɗa hidima. Ta cika alkawari. 'Yan kaɗan ta zaɓo, masu ɗan girma, yadda za su ci 'ya'yan gargaza amma ba za su iya haɗiye iyayen ba. Muka kuma kwashe ƙananan da yawa da koma, Biba ta shanya ta daka, aka yi ta miya da garinsu. Kafin sanyi ya shigo an fara ganin bambanci. Baƙin da ke gefen tafki ya ragu, manyan suka samu sarari suka fara faɗi. Abin da shawarar nan ta jawo mana kuwa ba zan ɓoye muku ba. Tarwaɗun suka yi ƙiba, fatake daga tsallaken iyaka suka yi ta zuwa suna roƙo, ina mai da su hannu wofi. Wasu a gari suka ce iskoki nake kiwo a ruwan, har aka daina gaishe ni da sakin fuska a wasu zauruka. Yaya Noma ya yi fushi ya ɗauke ƙafa daga garka na wani lokaci. Tubalin murhun Biba kuwa akurkin kaji aka gina da shi.

Ranar kamun farko, bayan sanyi ya wuce, Noma ya dawo ba wanda ya kira shi, ya tuɓe riga ya kama bakin taru, babbar ragar ja. Bulus ya zo da iyalinsa daga Dutsi. Aka sake kawo Inna a amalanke aka zaunar da ita a inuwar mangwaro. Muka rage ruwa, muka shiga har ƙugu, ni da Noma a gefe guda, maƙwabta a ɗaya gefen, muna ja muna zamewa cikin laka. Da tarun ya matso gaɓa sai ya yi nauyi, ruwa ya hau fantsama, mata suka ɗauki guɗa. Gargaza ce manya manya, kowace ta fi tafin hannuna faɗi, suna ta bugun juna. Biba ta riga ta hura wuta a gefe, mai yana ƙara a kasko, masu saye sun yi layi da kwanoninsu. Noma yana ihu yana cewa a zo a ga kifin garkar Gado, ya manta da giwarsa sarai.

A tsakiyar tarun kuwa ga baƙin Inna suna murɗe-murɗe, baƙaƙe sumul, kowace kamar damtsen mutum. Na ce kowa ya ja da baya, ni zan mai da su. Na ɗauki ta farko na saka a ruwa, na ɗauki ta biyu. Ta ukun ita ce babbarsu. Na rungumo ta a ƙirji na juyo don Inna ta gan ta da kyau, sai ta yi wani fizga ta soka mini ƙayarta a gindin babban yatsa. Zafin ya hau mini har ka. Na sake ta ta faɗa ruwa, ni kuma na zame na zauna daɓas cikin laka, ina yarfe hannu ina salati. Jama'a suka taso a guje, Biba ta bar kaskonta tana tambaya ko ƙayar ta shiga da zurfi. Sai muka ji dariya daga gindin mangwaro. Inna ce, tana dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta samu numfashi ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Ku bar shi, ba abin da za shi same shi. Gaisuwa ce ta yi mashi. Tashi, Arzika, akwai sauran baƙi cikin taru suna jiran ka."

Na tashi, jini yana ɗiga, laka har wuya, na koma na mai da sauran ɗaya bayan ɗaya.